Malama Ta Koma Aji Ɗaya

Shekara talatin da biyar ina riƙe da alli
a firamaren Tudun Wada, ajin da ke kusa da famfo.
Ina da tsumagiya, na raɗa mata suna Natsu.
Duk yaron da ya karanta "ba" a gurbin "da"
ya san ɗanɗanonta a tafin hannu.

Yau ga ni, saba'in da biyu,
a bakin gado, cikin rigar sanyi kan rigar sanyi,
jitar Irmiya a kan cinyata,
wadda ta shekara tara a bayan kabad
tun ranar da muka raka shi, muka dawo ba shi.
Tsirkiya ɗaya ta tsinke,
jikata Nanret ta sayo wata a Taminus.

Ita ta jingine min waya jikin gwangwanin madara,
ta ce, "Kaka, ga malamarki."
Yarinya ce, na girmi uwar da ta haife ta,
daga wani garin da ban san sunansa ba,
zakara dai yana cara a bayan ɗakinta.
Ta ce manuni nan, na tsakiya can.
Yatsuna suka yi kunnen uwar shegu.
Sanyin Jos ya daɗe da kama haya a gaɓoɓinsu,
ba ya biya, ba ya tashi.

Na danna, ta tsaya, bakinta a buɗe.
Na mai da ta baya, ta sake faɗa.
Na sake mai da ta.
Ran Talatar nan sau arba'in da ɗaya, na ƙirga.
Ba ta yi tsaki ba.
Ba ta ce min daƙiƙiya ba,
ni da ban taɓa maimaita wa ɗan kowa sau uku ba.
In ta yi shiru, to data ce ta ƙare,
kuma fansho bai shigo ba.

Muna da zaure a cikin wayar, mu goma sha tara.
Akwai Alhaji Sambo na Gangare, tsohon direban tirela,
yana fama da gurmi kamar mai sa giya a hawan dutse.
Akwai Mama Kaneng daga Bukuru da fiyanon jikanta.
Akwai wani kofur mai ritaya da sarewa,
numfashinsa na ƙarewa kafin waƙar ta kai rabi,
sai mu ji tari, sai mu tura masa tafi.
Ba wanda ya iya a cikinmu,
shi ya sa ba mai jin kunyar wani.

Wata na huɗu na haɗa sauti uku ba tuntuɓe.
Nanret ta ɗauke ni ban sani ba,
ɗankwalina a karkace, ta watsa wa duniya.
Na yi faɗa. Ta ce, "Kaka, karanta wannan tukuna."

Na sa tabarau.
"Malama, Dalyop ne, aji uku,
mai zama ta taga, mai rubutu da hagu.
Har yau da dama nake rubutu, kamar yadda kika so.
Jita kuwa da hagu nake kaɗa ta.
Ki sassauta babban yatsa, Malama,
kina shaƙe mata wuya da yawa."

Na tuna tafin hannun nan,
ƙarami, a miƙe, yana rawa.

Na sassauta.
Sautin ya fito garau,
har karen maƙwabta ya ɗaga kunne.

Kwana uku ke nan ban ba shi amsa ba.
In rubuta, in goge, in rubuta.
Ruwa na dukan kwanon ɗaki,
shayi ya huce a kan kujera,
yarinyar tana cikin waya, hannunta a sama,
tana jiran in danna.